Tsakanin Biyu da Takwas

Shekara talatin Na'Allah ya yi yana haƙar rijiya tsakanin Birnin Lalle da Azagor, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi gida a Dakoro. A sana'arsu doka ɗaya ce: ƙara zurfi, ka ƙara ruwa. Da wannan tunanin ya karɓi ɗan firigon da ɗansa Abdulhakim ya aiko daga Arlit, haɗe da faifan hasken rana da batir.

Don Hamsatu aka aiko shi. Matarsa ce, ciwon sukari gare ta, allurar insulin da take yi safe da yamma kuwa ba ta son zafi. Da can a jiƙaƙƙen tsumma suke naɗe kwalbar, su ajiye gindin randa. Ranar da aka kunna firigo, Na'Allah ya murɗa makunnin sanyi har ƙarshe, ya jingina kwalaben da bangon ciki inda ƙanƙara ke taruwa. A ganinsa ya girmama magani.

Ba a yi sati ba ƙishirwa da jiri suka kayar da Hamsatu. A asibiti, wata ma'aikaciya mai suna Hamdiya ta tambayi Na'Allah inda yake ajiye maganin. Ya ba ta amsa har da alfahari: ai sai an dunƙule kwalbar a hannu take narkewa.

"Baba," in ji ta a hankali, "wanda ya daskare ya mutu. Ruwa kawai Inna ke tsirawa."

Ta samo mishi ɗan ma'aunin sanyi, ta nuna mishi lambobi: kada ya sauka ƙasa da biyu, kada ya haura takwas. Na'Allah bai yi karatun boko a lakwal ba, amma wanda ya auna igiya gaba-gaba ba a koya mishi lamba sau biyu. Ya tsoma ma'aunin a kofin ruwa, ya ajiye tsakiyar firigo kusa da kwalaben. Bayan kowace salla sai ya leƙa. Ya gane murɗawa kaɗan ake yi, a jira rabin yini kafin a sake taɓawa. Da ƙusa ya yi zane biyu jikin makunnin, ɗaya na lokacin ɗari, ɗaya na bazara.

Sai azumi ya faɗo tsakiyar zafi. Halidu, taubashinsa kuma maƙwabcinsa, ya shigo da gorunan roba huɗu cike da kunu da ruwa, a sanyaya mishi na buɗa-baki. Na'Allah ya karɓa. Mutumin da bai taɓa korar ko jaki daga bakin rijiya ba, yaya zai ce a'a? Da la'asar ya leƙa, ma'auni na kan sha biyu. Ya daɗe tsugune. In ya ƙara sanyi don goruna, magani ya daskare. In ya bari, zafi ya cinye shi. Ya fidda gorunan ya jera a inuwa.

Washegari Halidu ya dawo da shida.

"Bawana, buɗe min gidan sarautar nan."

"Halidu, yau ba wuri."

"Ba wuri? Kwalba uku kamar ɗan yatsa sun cika ɗaki? Tsufa ya zo maka da rowa ke nan."

Na'Allah bai rama da wasa kamar kullum ba. Ya ɗauko ma'aunin ya yi bayani, Halidu bai ko duba ba. Ya kwashi gorunansa, ya ce gidan wani ma akwai inuwa.

Magana ta zaga unguwa cewa mai rijiya ya hana ruwa cikin azumi. Hamsatu ta ji a bakin mata, abin ya dame ta. Ta ce ya bar su su sa, ko gora ɗaya ce, ita ta gaji da zama sanadi. Ya ce mata gora ɗaya ba ta zuwa ita kaɗai, kuma ya riga ya ga yadda idonta ke juyewa, ba ya son ƙari.

Har aka ga wata Halidu bai sake tako gidan ba. A masallaci suna gaisawa, gaisuwar da ba zolaya a ciki, wadda ta fi zagi ciwo tsakanin taubasai. Na'Allah ya shanye. Shi kansa da ruwan randa ya yi ta buɗa-baki.

Bazarar ta wuce Hamsatu ba ta kwana asibiti ba. Ranar salla ita ta tuƙa tuwon gidan da hannunta.