Ranar da Baba Ya Sauka Gaida Kogin Seine

Takardar zamana ta mutu da kwana tara lokacin da na bar Lyon na tafi Paris ɗauko Baba daga asibiti. Ba ma katin ba ne, ɗan resefisen nan ne da ake ba mutum ya riƙe kafin katin ya fito. Laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Kullum sai in ce gobe zan je ofishin takardun baƙi in bi layi, sai aiki ya sha kaina a shagon shaddar da nake tsare wa wani Alhaji mutumin Maradi a unguwar La Guillotière. Da na je daga baya, matar da ke bayan gilashi ta ba ni ranar Litinin mai zuwa, ta ce kafin nan in yi ƙoƙari kada in haɗu da kowa. Na gane wa take nufi. A ƙarshen shekarun tamanin ɗin nan baƙar fata ba sai ya yi laifi ba ake tare shi a lungun metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a ce ya fito da takardu. Na san mutum biyu da aka tare haka, kuma ba su ƙara kwana a ɗakinsu ba.

Baba bai san wannan ba. Daga Gaya ta Nijar ya zo aikin yanar ido, ni na matsa masa ya zo, kuma ina ji da kaina a gabansa, wai ga ɗansa da ya san ƙasar Faransa ciki da bai. Da wane baki zan ce masa ɗan nan nasa ɓoye-ɓoye yake yi? An yi wa ido ɗaya aiki an rufe shi da bandeji, ɗayan kuma inuwa kawai yake gani. Abin da ya rage mini shi ne in kai shi tashar jirgin ƙasa da ke wancan gefen gari, mu kama hanyar Lyon.

Wani ɗan'uwan Alhaji da na kwana wurinsa a unguwar Barbès ta Paris ne ya ba ni dabara. Ya ce in manta da metro. A bazarar nan an fara wasu jiragen ruwa na haya a kogin Seine, suna tsayawa tasha-tasha kamar bas, kuma akwai tasha kusa da asibitin, a gindin dogon ƙarfen nan na Eiffel. Ya ce cike suke da 'yan yawon buɗe ido, ba mai tambayar kowa takarda, in na sauka a Hôtel de Ville sai mu taka a hankali zuwa tashar jirgin ƙasan. Har tafa masa na yi. Na manta abu ɗaya, wanda bai kamata ɗan gidanmu ya manta ba.

Mu Sarkawa ne, mutanen ruwa. Baba ya yi shekara arba'in yana fito da mutane a kwalekwale a kogin Kwara. A wurinmu ruwan da ba ka sani ba, ba ka hawansa sai ka gaishe shi. Za ka cire takalmi, ka tsuguna, ka yi sallama, ka sa hannun dama a ciki, ka shafa a fuska, ka taɓa a harshe. Ni kuwa shekara bakwai ina zaune tsakanin koguna biyu a Lyon, kullum sai na ƙetare gada, ban taɓa sanin sanyin ruwansu ba. Abin ya fice mini daga kai kaf.

Muka isa bakin kogin da hantsi. Jirgin na nan a ɗaure, faffaɗa mai rufin gilashi, gindinsa biyu kamar an haɗa kwalekwale biyu an shimfiɗa musu katako. Na tsayar da Baba a jikin wani ƙarfe, na ce kada ya motsa, zan sayo tike. Ya ce to. Dattijon nan kuwa tun da nake ban taɓa jin ya ce to ya kuma yi abin da aka ce ba.

Ina karɓar tike biyu sai na ji wata mata ta ƙwalla ƙara. Na juya. Baba ba ya jikin ƙarfen. Takalmansa na gani, an jere su tsaf a saman wata matattakalar dutse mai gangarawa cikin ruwa. Shi kuma yana can ƙasa, ya lalubi bango ya sauka, ya tattare babbar rigarsa, ruwa ya kai masa ƙauri. A Gaya ba mai ko waiwayowa. A Paris kuwa takalma a jere a bakin kogi da tsoho a cikin ruwa magana ɗaya suke nufi. Wani ya hura usur, mutane suka yi ca a bakin dutsen, sai ga 'yan sanda biyu sun gangaro a guje daga kan titi.

Na ɗaga ƙafa zan ruga, sai ƙafar ta tsaya. Ba zan ce ta ƙi ba, ni na tsayar da ita.

Suka kama shi ta hammata suka hauro da shi, wandonsa na zuba, hularsa ta karkace. Bai yi gardama ba. Cikin natsuwa yake faɗa musu da Hausa cewa gaisuwa yake yi, bai gama ba, su yi haƙuri. Su kuma suna ta tambayarsa da Faransanci wane ne shi, daga ina, da wa yake tare. Ƙaramin cikinsu ya juyo ga layin masu shiga jirgi ya ɗaga murya, ko akwai wanda ya san wannan mutum. A gabana akwai wasu baƙaƙen Amurka, mata da miji da kyamarori a wuya. Na matsa na raɓa jikinsu kamar tare muke. Na zura tike ɗaya cikin aljihu don kada a ga biyu a hannuna. Idon ɗan sandan ya bi ta kaina, ya ɗan tsaya, ya wuce.

Baba yana ta juya kai hagu da dama, idon nan mai yana a buɗe, yana neman inuwar da ta yi kama da tawa. Taku goma ne tsakaninmu. Kalma ɗaya ta ishe shi ya tona ni, amma na san ba zai faɗe ta ba. Ni ne ɗansa na fari. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, alkunya ce irin ta mutanenmu. "Kai" yake ce mini, in kuma yana ba wani labari sai ya ce "wancan". A kan wannan na dogara na yi tsaye. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau, ba tsoron ba. Tsoro kowa yana ji. Ni lissafi na yi da kunyar ubana.

Ya laluba ya ciro jakar fata da ke rataye a wuyansa. Suka buɗe fasfo, suka karanta takardar sallama ta asibiti, suka dubi bandejin. Na ji babban yana cewa makaho ne ya ɓata hanya, su mayar da shi inda aka sallame shi. In suka sa shi a mota dole in fito, in kuma na fito sai a tambaye ni tawa takardar.

Sai mai ɗaure igiyar jirgin ya matso, wani Bature mai furfura da hannuwa duk kanta. Ya ce shi ya ga abin tun farko, tsohon ba faɗawa zai yi ba, fuska ya wanke, kuma duk wanda ya sauka matattakala mai santsi haka bai zame ba ɗan ruwa ne. Ya ce su bar masa shi. Suka yi ɗan rubutu, suka mayar da fasfo, suka koma saman titi suka tsaya suna kallo. Baturen ya durƙusa ya sa wa Baba takalma da hannunsa, ya riƙe shi ya shigar da shi. Ina kallo wani yana yin aikina.

Na shiga a ƙarshen layi na zauna kujera uku a bayansa. Sai da aka kwance igiya, na ga ruwa ya raba mu da dutsen, sannan na je na zauna kusa da shi. Na ce layin tike ne ya riƙe ni. Muka yi ta wucewa ƙarƙashin gadoji, mutane na ɗaukar hoto, ruwan wandonsa na taruwa a ƙasan kujera. Can ya sa tafin hannu a jikin jirgin ya ce mai tuƙin ya iya, ba ya faɗa da ruwa. Daga nan har Lyon ba mu yi wata maganar kirki ba.

Ranar Litinin na kama layi tun da asuba, kafin azahar aka buga mini hatimi. Na dawo ɗakina na tarar da shi zaune a kan darduma. Ban san abin da ya tura ni ba, na durƙusa na sa masa takardar a hannu, na faɗa masa duka, har da tiken da na ɓoye. Ya juya ta, ya shafa ta da yatsa, ya auna ta a tafin hannunsa.

"Wagga ce?" ya ce.

"Ita ce, Baba."

Ya miƙo mini ita. Na yi ta jira ya yi faɗa, da ya yi da na ji sauƙi. Na ce masa na san ya yi shiru ne don alkunya, na kuma gode. Sai ya girgiza kai.

"Ba alkunya ba ce. Tsoro na ji, na ɗauka wani abu ya same ka. Sau biyu na buɗe baki in kira ka." Ya taɓa maƙogwaronsa. "Ban taɓa faɗin sunan ba, sai ya ƙi fitowa."