Warin Takalmi a Hanyar Kogi

Ni dai ban taɓa sarin takalmin da ban taka ba. Duk wanda muke haɗuwa da shi a kasuwar Zhanxi ta Guangzhou ya san ni da wannan. Wasu su lanƙwasa, wasu su shinshina, ni kuwa sai na zura a ƙafa na wuni ina tafiya. To Sinawa ba sa ba da samfur sai wari ɗaya. Shi ya sa nake karɓar na dama a wannan shago, na hagu a wancan. Wanda ya cije ni, mai shi ya yi asarar ciniki.

A zuwan da nake ba ku labari, ɗaki ɗaya muka kama da aminiyata, wata Hajiya mutuniyar Maraɗi mai sarin kayan yara a kasuwar Canaan. Mun daɗe muna zuwa Guangzhou tare, amma saninmu da garin bai wuce masauki da kasuwa da wajen lodi ba. Da safe ta ga na sa ja a dama, baƙi a hagu, ta ce, "Hajiya, tunda yau haukanki ya motsa, kai ni in ga ruwa."

Na ce, "Ga shi can a famfo."

"Ruwan da kayanmu ke bi nake nufi. Kullum a ce kaya na kan ruwa, ni ko jirgin ban taɓa gani ba. Mu gulbinmu damina na wucewa yake ƙafewa."

Wani ɗan Gana mai yi mana lodi ya kwatanta mana hanya: mu miƙe kudu kawai, kogi ne zai tare mu.

Mun fara da tsohuwar maƙabarta, inda aka ce wani sahabi yana kwance. Inuwa, shiru, kamar ba a cikin wannan hayaniyar ba. Ta daɗe tana addu'a har na fara tsaki a zuci. Daga nan muka shiga tsofaffin unguwanni, gidajen da suka yi wa mai tafiya rumfa, shagunan busasshen kifi da saiwoyin magani. Tsofaffi na zaune suna kallon ƙafafuna. Ita kuma tana ce musu da Hausa, "Ku kalla da kyau, a Kano haka masu kuɗi suke yi."

Da azahar muka iso tsohon masallacin mai hasumiya, doguwa, mulmulalliya, ba ado, kamar an ja rumbu sama. Wani Balarabe ya ce a da kogi har gindinta yake zuwa, ana kunna fitila a samanta don jirage. Hajiya ta ce, "Ashe mun kusa."

Bayan salla ne takalminta ya ƙi shiga. Ni da na ƙare rayuwata ina kallon ƙafafun mutane, sai ranar na kalli nata, sun kumbura. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa, bai dawo ba.

"Tun yaushe?"

"Ke ji da warin takalmanki."

"Hajiya, tun yaushe?"

"Likita ya ce zuciya ce. Ya ce kada in zo." Ta taka bayan takalmin ta miƙe. "Mu je."

Muka ci gaba, tana dafe da kafaɗata. Can iska ta sake, ta zo da sanyi da ƙarnin ruwa, muka ji kukan jirgi. A nan ta zauna a gefen wata tukunyar fulawa, leɓɓanta sun yi fari. Na tare tasi na cusa ta ciki. Ta ce, "Ce masa ya bi da mu ta bakin ruwa."

Ina jin Sinanci, kada wani ya raina ni. Na iya nawa ne, na iya ya yi tsada, na iya babu. Amma ba a taɓa sayar mini da kogi ba, balle in san sunansa. Na yi wa direba igiyar ruwa da hannu, ya girgiza kai, motoci na ta yi mana ham a baya. Sai na miƙa masa katin masauki, abin da muka saba. Na ce mata, "Bayan lodi ma dawo." Ta juya tana kallon baya.

Lodi ya cinye sauran kwanakin. Kafin zuwa na gaba, aka kira ni daga Maraɗi, aka faɗa mini rasuwarta.

Da na koma, ni kaɗai na bi hanyar, da takalmi iri ɗaya. Na sami tukunyar fulawar a inda take. Na sha kwana ɗaya, ɗaya tak, sai ga kogi, faɗinsa ya cika ido, ga jirage na kai da kawo, ga gidajen Turawan da a ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Jiragen ma na fasinja ne. An ce na kwantena suna can nesa wajen teku. Da tana nan da ta ce an cuce ta, mu yi dariya.

Na daɗe a tsaye riƙe da ƙarfen bakin ruwan. Da na san nan da nan ne, wallahi goya ta zan yi. Na ɗauki dilolin da suka fi ta nauyi.