Ƙarar da na wanke

Ni ne mai laifi, gara in faɗa tun farko.

Shekarun baya, ina sana'ar sa kiɗa a bukukuwa a Rano, abokina ɗan Kibiya yana da wata 'yar na'urar kiɗa da ba ta fi tafin hannu ba. Tana ɗaukar sauti, ka danna maɓalli ta maimaita. A ciki ya naɗi kalangun mahaifinsa kafin tsohon ya rasu, da shi kuma yake son buɗe kamun ƙanwarsa.

Na'urar ba ta da katin ajiya. In za ka adana abin da ke ciki, sai ta fitar da wata ƙara kamar taron gyare, ka naɗa a waya ta kebul. Ranar da ka mayar mata da ƙarar, komai ya dawo. Abokina ya naɗa, ya tura mini, ya ce in ajiye masa.

Ni kuwa, gwanin kaina, na ji ƙarar ta yi ƙazanta. Na sa ta a manhajar tace sauti, na wanke ta tas, ban gaya masa ba.

Biki ya matso, na ari na'urar, na danna abin da ban sani ba, komai ya goge. Wayarsa kuma ruwan damina ya riga ya kashe ta. Muka kunna ƙarar da ke wayata, wadda na wanke, na'urar ta ƙi karɓa. Muka ƙure murya, muka cire layi kada kira ya katse, muka sayo sabon kebul a kasuwar Kibiya. Shiru.

A teburin mai shayi, gaban jama'a, na ce masa, "Kai ne ba ka iya naɗa ba."

Ya ce, "Malam, wannan ba tawa ba ce. Tawa tana huda kunne, wannan kamar an kai ta makarantar tarbiyya."

Nan na gane wankina ne ya ɓata ta. Na koma gefe ina tonon waya, sai ga ta asali a inda ta fara sauka, da duk muninta. Muka jona. Na'urar ta haɗiye ta har ƙarshe, ya danna maɓalli, kalangun tsoho ya tashi. Ranar kamu, gwaggonsa na ji ta rangaɗa guɗa, mata suka cika fili.

Tun daga nan ba na gyara amanar da ba a ce in gyara ba.

Bayan biki na ja shi teburin mai shayin nan, na jira aka taru, na ce, "Ni na goge, ni na ɓata ajiyar, kuma na ɗora maka a gaban mutanen nan. Don Allah ka yafe mini."