Tanderun Yaya Tsahara da Jarkokin Esansi

Ni ba mai yawan magana ba ce, unguwarmu ta Zariya, nan cikin Maraɗi, ta sani. Amma abin da aka yi wa Yaya Tsahara ya tsaya mini a rai, na yi istigfari na yi, ya ƙi wucewa. Tunda bakin mutane ya riga ya faɗi nasa, bari ni ma in faɗi abin da idona ya gani.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan ubanta, kuma gajeriya ce. Ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Yaya. Sana'arta biskit, na gida, wanda ake gasawa a tanderun laka. Ubanta, Malam Abdulmutallib, kuku ne a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa, zamanin da gyaɗa ke da daraja a Maraɗi. Can ya koyo. Ya gina tanderu a kusurwar tsakar gida, kamar ƙaramin rumbu mai baki ɗaya, ya koya wa ɗiyarsa. Da aurenta ya mutu ta dawo gida da ɗiya ɗaya, Fadila, ta kama tanderun nan, ba ta sake waiwayar wani aure ba.

In mata suka tambaye ta wa ya fara biskit a duniya, sai ta ce ita dai abin da Baba ya faɗa mata ta sani: guzuri ne na masu doguwar tafiya a jirgin ruwa, ana gasa shi sau biyu ya bushe ƙarau, don kada ya lalace a hanya. Ita ma haka take yi. Ta kwaɓa fulawa da sukari da man shanu, da ƙwan zabi in damina ce, da ɗan citta da riɗi. Ta murza da kwalba, ta yanka da bakin kofin shayi. Kafin ta sa faranti sai ta watsa ɗan gari a ƙasan tanderu, ta ga yadda zai yi ja. In ta kwashe, ta bari wuta ta mutu, sai ta mayar da su cikin sauran ɗumin su ƙarasa bushewa.

Ba ta ɓoye wa kowa sana'arta. Mace za ta shigo ta ce, "Yaya, ni nawa kwana biyu ya yi laushi kamar tsumma." Sai ta ce, "Da zahi kinka rufe shi. Ki bar shi ya huce sarai, sannan ki sa a gwangwani mai murfi." Akwai wani ƙaramin ɗaki kusa da zaure, can take shanya su su huce. Ba a shiga ɗakin nan da turare, ba a ajiye sabulu ko daddawa ko albasa. Takan ce biskit makwaɗaici ne, duk warin da ya ji sai ya sha, kuma in ya sha ba ya amai.

Ƙanenta Tanimu ya rasu ya bar yaro na goye, uwar ta yi aure nesa. Yaya Tsahara ta goya shi. Sunan ubansu aka sa masa, Abdulmutallib, don haka bakinta bai taɓa kiran sunan ba, sai dai Babana. Da biskit ta sa shi lakkwal, wato makarantar boko, da biskit ta yi masa aure. Ko ɓarna ya yi yana ƙarami ba ta iya ɗaga masa murya, kamar tsohon ne da kansa a gabanta.

Da ya girma ya shiga ƴan ruwa-ruwa, masu ɗauko esansi, wato man fetur, a jarka daga bakin iyaka su sayar a kwalabe. Ban ga laifin neman halak ba, rabin samarin gari da shi suke ci. Da farko a ƙofar gida yake jera jarkokin, har warin ya zama na gidan, hanci ya saba.

Bara da damina Hajiya Saudatu ta Tibiri ta aiko, za a yi sunan jikanta na fari, tana son biskit mai yawa na rabo. Tun Hajiyar tana amarya Yaya Tsahara ke yi mata biskit. Aka gasa, aka shanya a ɗakin nan a kan farantai, aka lulluɓe da farin mayafi. Sai ga saƙo daga Jiratawa, inda Fadila ke aure, cewa ɗanta na zazzaɓi. Yaya Tsahara ta tafi ta kwana can. Da la'asar ɗin ranar hadari ya haɗo, na fito kwashe shanya, na hango ta kan katanga Abdulmutallib da abokinsa suna jan jarkoki suna shigar da su ɗakin biskit ɗin. Wata ma tana yoyo, na ga layin jiƙa a ƙasa. Washegari da safe suka fitar. Matarsa, da niyyar taimako, ta kwashe biskit ta zuba a gwangwanaye ta danne murfi. Yaya Tsahara ta dawo ta tarar an gama mata aiki, har ta sa wa matar albarka.

Ni na raka ta Tibiri. Gida cike da mata, an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Hajiya Saudatu ta ce a buɗe a fara ba manya. Wata tsohuwa da ake ce wa Dada ta gutsura, ta tauna, ta tsaya, ta tofar a gefen zanenta.

"Wannan na ci ne ko na zubawa a kabu-kabu?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ku ja da baya daga murhu, kada cikin Dada ya kama da wuta." Wata ta shinshina ta miƙa wa ta kusa da ita, ana ta miƙawa kamar an ga abin kallo. Dangin uban jariri, da suka zo daga nesa, suka haɗa ido, abin da ya fi dariyar ciwo.

Hajiya Saudatu ta taso, fuska a murtuke. "Tsahara, mi na yi miki? A gaban surukaina?"

Na buɗe baki zan ce jarka, sai na ji ta danne mini ƙafa da tata, da ƙarfi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Laihina ne, Hajiya. Ki yi haƙuri."

A mota muna komowa na kasa daurewa. Na ce, "Yaya, na gani da idona, a ɗakin biskit ɗinki sunka kwana. Don mi ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Na gane tun da anka buɗe murfin hwarko. To in tsaya cikin taron mata in ce wa? Sunan wa zan kira?"

Na ce, "Sunan wanda ya yi."

Ta ce, "Sunan Baba ne." Ta juya tana kallon gonakin hatsi har muka sauka.

Kafin sati ya zagayo magana ta riga ta cika gari. Wasu suka ce da esansi take hura tanderu don ƙyashin sayen itace. Wasu suka ce tsufa ne, hancinta ya mutu. Matan da suka koyi sana'a a tsakar gidanta kyauta, su ne suka fi kowa yaɗawa, don kasuwa ta koma hannunsu. Wadda aka ba labarin da safe, da yamma ita ke rantsuwa ta ci ta yi amai. Masu biki suka daina aikowa. Mai butik, shagon nan na bakin titi, ya maido mata gwangwaninta bai ko buɗe ba. Shi kuwa mai laifin yana wucewa da jarkokinsa ana gaishe shi.

Ban saba tare namiji a hanya ba, amma wata safiya na sa hijabi na same shi a zaure yana ɗura kwalabe.

"Inna, ina kwana? Yau ke ce da kanki?"

Na ce, "Lahiya lau. Abdulmutallib, ka tai Tibiri ka hwaɗa wa Hajiya Saudatu gaskiya. Baki ɗaya za ka buɗe, sunan Gwaggonka ya wanku."

Ya yi dariya. "Inna, don gato, ɗan biskit ɗin nan? Abin da yara ke ci su watsar? Ni in tai in durƙusa gaban mata don gato?"

"Gaton nan shi ya sa maka wando."

"To ai na girma, yanzu ni ke sa wa gidan ga wando. Ruwa na zuwa, in bar kayana a waje? Ita Gwaggo ta ce miki na yi laihi?"

Ya san ba za ta ce ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ya san ba za ta ce ba, kuma a kan wannan ya jingina. Ya rufe kwalba, ya goge hannu a wando, ya ce, "Tunda kin zo ma, Inna, ki taya ni yi mata magana. Wuta da esansi ba su zama gida ɗaya. Ran nan tartsatsi ya tashi har bakin zaure. In gidan ga ya kama, naki ma ba shi tsira."

Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma wa ya tarar da wa? Tanderun nan ya girmi ubansa. Kuma gidan ba nasa ne shi kaɗai ba, tana da gadonta a ciki, Allah ne ya ba ta, ba Abdulmutallib ba. Na faɗa mata haka. Na ce mu je wajen liman, ko mai unguwa, a sa shi ya nemi wani wuri ya ajiye jarkokinsa. Ta ce, "In kai Babana ƙara? Da wane bakin?"

Ana ce wa wannan kara, ana yabon mai ita. Ni ma da ita aka tarbiyyantar da ni. Amma kara da ake yi wa wanda bai san kara ba, ban san sunanta ba. An koya mana mu rufe baki, ba a koya musu su ji kunyar shirunmu ba.

Ba ta sake hura tanderun ba. Da kaka ta yi, ta ɗaure kayanta, ta ba ni farantai biyu, ta koma Jiratawa wajen Fadila, ɗakin suruki, ita da ta yi shekaru tana ci da hannunta. Ba a yi wata guda ba ya sa aka rushe tanderun, ya kafa rumfar kwano a wurin. Ina jin ƙarar diga ta kan katanga ina jan carbi, na rasa inda na tsaya na sake daga farko.

Bayan ƙaramar salla na je dubo ta. Na same ta ƙarƙashin bishiya tana tsinke zogale tare da matan garka, masu aikin lambu, ta rame. A bayan ɗaki na ga ta gina wani ɗan tanderu da hannunta, bai kai gwiwa ba, duk ya karkace. Na yi murna, na ce to kasuwa za ta dawo. Ta ce a'a, na jikoki ne kawai, ba ta ƙara sayarwa, mai sunan da ya ɓaci ba ya kai kaya gidan biki. Na ce Hajiya Saudatu har yau ba ta san gaskiya ba, ki bar ni in je in faɗa mata. Ta ce in na je, ba ita ba ni.

Sannan ta tambaye ni ko Babanta na lafiya, ko tarin nan da esansi ke sa shi ya sake shi. Da zan taso ta shiga ɗaki ta fito da gwangwani, ta ɗaure bakinsa da tsumma.

"Ki kai wa ƴaƴan Babana. Ki ce wa matarshi kada ta aje shi kusa da rumfa."

Na so in ce ba zan kai ba. Amma amana ce, na karɓa. Na riƙe shi a cinya har Maraɗi, na tsaya a ƙofar gidan na yi sallama. Shi ya fito. Na miƙa masa, ya buɗe, ya ɗauki ɗaya da hannunsa mai warin esansi ya jefa a baki.

"Kai, hannun Gwaggo dai sai ita," in ji shi. "Tana lahiya?"

Na juya masa baya. Na shige gidana na rufe ƙofa.