Nagode da Ƙwaya Kala Biyu

Nagode mutuniyar ƙauyen Dakko ce. A shekarun da aka fara sakin ruwan madatsar Bakolori a gonaki, ta shiga ayarin mata masu shiƙar shinkafa, ana sallamarsu da ƙwarya. Abin da ta tara da kaka shi gidanta ke ci har damina. Wadda ta yi fashin kwana biyu kuwa, sai a sa wata a gurbinta.

Damuwarta ciwon mara, wanda duk wata yakan naɗe ta kamar tabarma. A da jiƙon kanwa take sha ta kwanta. Da aiki ya zo, kwanciya ta ƙare.

Ran kasuwar Mafara takan tsaya gaban Malami mai teburin magani. Kunya ba ta barin ta faɗa wa namiji abin da ke damunta, sai ta nuna da yatsa: "Wagga ja." Ta zaga wani teburin ta sayi farar ƙwaya, don a ganinta kala biyu magani biyu ne. Da asuba ta haɗa ta kora da ruwa, ciki ba komai, domin masu shiƙa ba sa karyawa sai iskar safe ta kwanta.

Marar takan lafa, amma sai zafin ƙirji ya biyo baya, da tashin zuciya da jiri. A kaka ta uku, tana ɗaga faifai ta durƙushe, ta yi amai da jini.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, Habiba, ta kwance ƙullin bakin zanen Nagode ta duba ƙwayoyin da ke ciki.

"Yaya, duka biyun kike sha?"

"Tare."

"Ai magani guda ne, riga suka sauya. Mi kike ci kafin ki sha?"

"Ruwan randa."

"To, ba ki ba su abinci ba, suka ci cikinki. Gyambo ne."

Kwana tara ta yi a gado. Aka hana ta ƙwayoyin, aka ce ta riƙa gasa mara da ruwan ɗumi. Ta fito ta tarar an ba wata gurbinta, shinkafar shekarar ta wuce ta.

Ba ta koma shiƙa ba. Da kaka ta zagayo, ta aza tukunyar kunu a bakin masussuka tun kafin iska ta taso, masu sha suna ɗebar mata shinkafa. In ta ga mace ta juya baya tana kwance bakin zane, takan miƙa mata ludayi.

"Sha tukuna, ƙanwata. Kuma kala guda."