Riga Mai Launin Ƙasa

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da nake yawo a kan kogi ina kallon masu nemana suna wuce ni ba.

Ni mutum ne mai zargi, kowa a Mai Wurno ya sani. Ko tumatir zan saya sai na duba na ƙasan kwando. Gonata tana tsallaken kogi, kuma shekarar da na samu ɗan kwalekwale mai cin mutum ɗaya, matata ta kafe sai na sayi rigar nan mai hana nutsewa. Don a zauna lafiya na hau mota zuwa Sinja.

Mai shagon dattijo ne mai zaƙin baki, abin da ya fara sa ni ɗar-ɗar ke nan. Ya tambayi nauyina, ya sauko da wata ruwan lemo mai ƙyalli a kafaɗu.

"Ɗauki wagga, ya Haj. Daga nesa a ka ganin ta."

Na ce a raina, kwantai yake son liƙa mini. Ga irinta nan jibge har rufi, da ta kirki ce ai da ta ƙare. Can gefe na hango wata guda ɗaya tal mai launin ƙasa. Na matsa ta, na ja ɗinkinta, har shinshinawa na yi, don na ji labarin masu cusa soson katifa, wanda ke shan ruwa ya ja mutum ƙasa. Ban yarda ba sai da na ɗaura mata bulo na jefa ta cikin duron ruwan da ke ƙofar shagon. Ta tsaya a sama abinta.

"Tana ɗaukar ka, ya zol, bawan Allah, ban ce ba ta yi ba," in ji shi. "Amma kogi da damina, mi ne launinai?"

Na yi masa murmushin na gane wayonka, na naɗe rigata na fito.

Da damina ta yi nisa kogi ya cika ya koma kamar kunu. Wata rana da hantsi ina tsakiyar ruwa, wani gungume ya daki kwalekwalen ya kife. Rigar ba ta ba ni kunya ba, ta ɗago ni. Sai dai ruwa ya ja ni cikin tarkacen itace da ciyawa, duk launinmu ɗaya. Mata masu wanki a gaɓa suka yi kururuwa, ƙanena da wasu masunta suka fito da jirgi mai inji. Sau biyu suna wuce ni. Ina ihu ƙarar inji na danne muryata, hannuwana sun mutu, na kasa ɗaga su. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sai da suka kashe inji suka saurara, sannan suka jiyo ni.

Da suka jawo ni, ƙanena ya kasa haɗa ido da ni.

"Yaya, wallahi tun farko mun gan ka. Mun ɗauka mushen maraƙi ne."

Har yau ina gwada kaya kafin in saya, wannan hali ba zai bar ni ba. Amma na koyi cewa ba duk maganar da ta fito daga bakin mai sayarwa ce tarko ba. Dattijon nan gaskiya ɗaya ya gaya mini, ita ce kaɗai ban gwada ba, kuma saura kaɗan in biya ta da raina.