Saƙonnin Verna Sittin da Ɗaya

Delbert Haugen ya shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a ɗan garinmu na Dakota ta Arewa, kuma duk takardar tallar da ya zura a akwatin mutum sai ya ba shi haƙuri. Da ya yi ritaya aka buɗe masa imel, sai ya samu wurin ramuwa. Kowace safiya, kofi a hannu, yana danna maɓallin da ke jefa saƙo akwatin tarkace a kan masu tallar magani kamar mai kashe sauro.

Ƙanwa ɗaya gare shi, Verna, tana can Arizona. Bara suka yi faɗa a waya saboda furannin robar da ta ɗora a kabarin mahaifiyarsu, shi kuma ya kwashe. Ta ce, "Kar ka ƙara kirana. In ina da magana zan rubuto." Washegari saƙonta ya iso. Gogan naku, cikin fushi, ya danna maɓallin da yatsarsa ta saba. Bai san cewa kwamfuta ba ta san fushin kwana ɗaya ba. Wanda ka kora yau, duk saƙon da ya ƙara aikowa akwatin tarkace za ta jefa shi.

Wata takwas shiru. Delbert ya rame, ya daina zuwa cin kek bayan coci. A ransa ƙanwarsa ta yafe shi, kuma girman kai ya hana shi ɗaga waya.

Ran nan ya je laburare buga takardar izinin kamun kifi. Marlys mai kula da wurin, wadda suka yi firamare tare, ta leƙa allon kwamfutar da ya buɗe imel ɗinsa a kai.

"Del, yaushe rabonka da buɗe akwatin tarkace?"

"Wa ke buɗe shara?"

"Mai hankali. Matsa."

Ta buɗe. Verna, Verna, Verna, har sittin da ɗaya, dukkansu da manyan baƙaƙe. Na farko zagi ne. Na goma hoton tumatirinta. Na arba'in, an yi mata aikin gwiwa. Na ƙarshe layi ɗaya: "YAYA, KANA RAYE KUWA?"

Delbert ya cire tabarau ya hau gogewa, wai ƙura ce.

"Gama kukanka tukun," in ji Marlys. "Yauwa. Danna nan, ka gaya wa kwamfutar ba tarkace ba ne. Yanzu sa adireshin Verna a jerin waɗanda aka yarda su shigo. A'a, ba nan ba, tsohon banza! Can."

Ya rubuta amsa da yatsa ɗaya, kusan rabin awa: "Ina raye. Laifina ne. Yaya gwiwar?"

Bai gama sa hularsa ba kwamfutar ta yi ƙara. Saƙo ne a babban akwati, can sama.

"SAKARAI. KIRA NI YANZU."

Marlys ta tura masa wayar teburinta, ta koma jera littattafai kusa-kusa, inda kunnenta zai kai.